Amsa ga mai son mayar da L-39 ɗinsa irin na sojan samanmu

Assalamu alaikum. Ƙanina, na ga tambayarka tun jiya da dare, na bari sai da na natsu. Ka ce yayanka ya aiko maka da kwalin haɗa ɗan jirgin roba na L-39C na kamfanin Eduard, ma'aunin 1/72, wato na gaske ya ninka shi sau 72 a tsawo, kana so ka mayar da shi irin wanda muke gani yana shawagi a saman Kano, kuma kana tambayar wane fenti za ka saya, sannan ko sufa gulu zai yi aikin. To, ajiye maganar fenti tukuna. Aikin da ke gabanka yana cikin jirgin da ƙarƙashin fukafukansa, kuma idan ka riga ka manne gangar jikin, wani gyaran ya wuce ka.

A Kurna na tashi, ƙarar jiragen nan ce ta raine mu. L-39 Albatros ƙirar kamfanin Aero ne na tsohuwar Cekoslobakiya, Najeriya ta sayo shi a shekarun 1980, kuma da shi ake koya wa matuƙa tuƙi a makarantar sojan sama da ke nan Kano, gefen filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai dai namu samfurin ZA ne, naka kuwa C. Daga nesa kamar tagwaye suke. Amma C maratayi biyu gare shi, wato inda ake rataya makamai ko tankin mai, ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike, ZA kuwa huɗu, kuma ana ɗaura masa bindiga mai baki biyu, GSh-23, a ƙarƙashin ciki daidai saitin mazaunin matuƙa. Kafin ka wahalar da kanka, zazzage kwalin ka duba sandunan robar da kayan suke maƙale a jiki. Kamfanonin nan sau da yawa zubi ɗaya suke yi wa samfura daban-daban, sai ka tarar da ɓangarorin da takardar ta ce ba a buƙata, alhali su ne abin da kake nema.

In babu, sai ka sassaƙa da kanka, kuma a nan ne mutane ke yin kuskuren da ni ma na yi. Na farkona da tsohon katin banki na yanka maratayan, na shafa gam na kwana ina jira, da safe na taɓa suka zube. Dalili shi ne gam ɗin haɗa irin waɗannan kaya, kamar na Tamiya mai koren murfi ko na Revell mai bakin allura, ba manne abu yake yi ba, narkar da robar yake yi gefe da gefe su zama ɗaya. Robar da aka yi shi dominta ita ce folistarin, katin banki kuwa wata roba ce daban. Ka nemi kofin roba ko murfin kwalin faifan CD wanda aka buga masa lamba 6 a cikin alama mai kusurwa uku, ko haruffan PS. Shi ne ɗan gidan. Ka haɗa falle biyu ko uku har kaurin ya yi daidai da maratayin da ya zo a kwalin, ka ɗora na kwalin a kai ka zana, ka yanke. Ramukan da za su zauna kuwa, ka huda su daga cikin fiffike kafin ka rufe sama da ƙasa. Bindigar ma guntun sandar robar nan ce, ka goge ta da samfefa har ta yi siffa, ka sa ƴan guntayen allurar sirinji biyu a matsayin baki.

Ka riƙa lissafi da ma'aunin. Jirgin gaske tsawonsa mita 12 da ɗoriya ne, faɗin fukafukai kusan mita 9 da rabi, to a hannunka zai fito kusan santimita 17 da 13. Milimita ɗaya a teburinka santimita 7 ce a jikin na gaske. Shi ya sa waya da kake gani siririya, in ka liƙa ta sai ta zama kamar bututun famfo. Ga ƴan tsinkayen auna gudu da ke gaban fukafukai biyun, na kwalin ba sa kwana biyu ba su karye ba, ni allurar ɗinki nake sa musu tun farko.

Sai nauyin hanci. Jirgi mai taya a gaba, in ba ka sa masa nauyi ba, da ka ajiye shi zai zauna a kan wutsiya ya ɗaga kai sama kamar zakara zai yi cara. Ka je wajen masu balansin taya ka roƙi guntun dalma, ko ka samo ƙwayar boris ta keke, ka cusa a hanci da bayan kujera. Ka haɗa komai da salatif, ka ɗora a kan fensir daidai inda tayoyin baya za su zauna, in ya rinjaya gaba to ya isa. Ka wanke hannu bayan taɓa dalma.

Sufa gulu yana da gurbinsa: ƙarfe da roba, ko cike tsaga idan ka barbaɗa masa hodar jarirai ka goge da wuri kafin ya zama dutse. Amma kada ya kusanci gilashin matuƙa. Tururinsa na bin gilashin ya yi fari fat kamar hazo. Na taɓa gama wani jirgin MiG-21 da na yi wata biyu a kansa, a daren ƙarshe na ɗiga masa ɗigo biyu, da asuba na tarar da matuƙin a cikin gajimare. Man goge haƙori da auduga sun ɗan rage, amma har yau in na kalle shi sai raina ya sosu. Farin gam na kafintoci, irin Top Bond, shi ne na gilashi: in ya bushe ba a ganinsa, in ya yi yawa ka share da jiƙaƙƙen tsinke.

Kayan aiki ba sai ka yi odar komai ba. Rezar tiyata lamba 11 tana wajen masu sayar da kayan asibiti, abin yankan farce ya isa cire kaya daga sanda, samfefa mai lamba 600 da 1000 da 2000 da salatif ɗin takarda kuwa suna wajen masu kayan fentin mota, a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Amma in ka je can, kada su lallaɓe ka da tinar mota. Tana cin robar nan ta bar ta kamar fatar kada.

Yanzu fenti. Launin jiragen nan ya sauya cikin shekaru, don haka ka zaɓi hoton jirgi guda ɗaya mai lamba a jiki, ka bi shi shi kaɗai, kada ka ɗauki hanci daga wannan hoto wutsiya daga wancan. Ka wanke jirgin da sabulun wanke-wanke, ka yi shimfiɗa da ruwan toka, sannan fenti mai narkewa da ruwa, tsararo, shafa uku ko huɗu. Shafar farko za ta yi muni, ka daure. Babban abokin gabarka a garin nan ƙura ce. Da hunturu fenti na bushewa a bakin buroshi kafin ya isa jiki, wanda ya isa kuma buji ya zauna a kai. Ni bayan sallar asuba nake yi, in yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, in kashe fanka, da na gama in kife babbar robar abinci a kai. Da bazara kuma kada ka bar shi a mota ko bakin taga, fukafukai na lanƙwashewa.

Tambarin sojan samanmu mai kore, fari, kore shi ne zai fi ba ka ciwon kai, domin firinta ba ta buga fari. In ka buga a takardar sitika mai shara-shara, inda ya kamata ya yi fari launin jirgin ne zai leƙo. Ko dai ka samu takardar mai farin bango, ko ka yi yadda nake yi: ka fenta farin da'ira, ta bushe kwana guda, ka buga koren zoben da ɗigon tsakiya a mai shara-shara ka ɗora a kai. Haruffan NAF, wato taƙaitaccen sunan sojan samanmu, da lambar, in baƙaƙe ne a hoton da ka zaɓa, ba su da matsala. Ka tabbata wurin yana sheƙi kafin ka liƙa, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙasa gefen ya yi kamar azurfa.

Ina da ragowar rabin takardar sitikar da ɗan gam na roba da zai ishe ka wannan jirgin. Ranar Asabar bayan la'asar ina gida. Ka zo da kwalin gaba ɗaya, har da sandunan da kake ganin shara ne, kuma kada ka manne komai kafin nan.