Fawa Banki, Waya da Doguwar Tafiya a Jirgin Sama

Tambayoyin wannan makon sun karkata ga matafiya: masu shirin Umara, 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya, da ɗalibai. Na zaɓi huɗu, kuma zan fi daɗewa a kan ta farko, domin a nan ne kuskure ke iya jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma har da barazana ga rai.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano: Malam, zan je Guangzhou ta ƙasar Sin karon farko, ta Addis Ababa. An ce min daga Addis kaɗai sai an shafe awa goma ko fiye a sama. Na sayi fawa banki, wato batirin tafi-da-gidanka na cajin waya, mai 30,000 mAh don kada wayata ta mutu. Zan iya saka shi a babban akwatin da ake aunawa?

Amsa: Alhaji, Allah ya tsare hanya, ya sa a dawo da riba. Kada ka kuskura ka saka shi a babban akwati. Duk wani batirin litiyam da ba a cikin na'ura yake ba, a jakar hannu ake tafiya da shi. Irin wannan batiri idan ya samu matsala yakan ɗauki zafi, zafin ya yi ta ƙaruwa da kansa har ya kama da wuta. Idan a kusa da kai ne, ma'aikatan jirgi za su ga hayaƙi su kashe. Idan a ƙasan jirgi ne cikin tarin akwatuna, wa zai kai masa hannu?

Sannan girman wanda ka saya ma abin dubawa ne. Ma'auni biyu ake auna yawan wutar da batiri ke ɗauka da su: kamfanonin jirage da ma'aunin Wh suke aiki, mu kuma a kasuwa mAh muka sani. Lissafin ba wuya: ka ninka mAh da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 10,000 mAh zai ba ka Wh 37, mai 20,000 zai ba ka 74, naka mai 30,000 kuwa 111. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce, wanda bai wuce Wh 100 ba ana wucewa da shi ba tare da neman izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgin ya amince. Abin da ya haura 160 ba ya shiga jirgin fasinja sam. Ka ga naka ya faɗa layin masu neman izini. Shawarata, ka bar shi a gida wa iyali, ka nemi mai 20,000, wanda zai cika yawancin wayoyi sau biyu zuwa uku.

Ka kuma tabbata rubutun da ke jikinsa yana karantuwa. Na taɓa ganin an karɓe wa wani dattijo nasa a wani filin jirgi, ba don ya yi girma ba, don kawai lambobin sun goge saboda yawan zama a aljihu. Ya yi ta roƙo, jami'in ya ce ba shi da hanyar sanin ƙarfinsa. Abin ya taɓa min zuciya, domin da wani ya faɗa masa tun a gida da bai yi wannan asarar ba.

Dokokin sun ƙara tsauri tun bayan abin da ya faru ranar 28 ga Janairun 2025, lokacin da wani jirgin Air Busan ya kama da wuta a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi. An fitar da duk mutanen da ke ciki da ransu, amma jirgin ya ƙone, kuma masu bincike sun nuna yatsa ga fawa bankin da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Daga nan kamfanoni da dama suka hana amfani da shi a cikin jirgi. Emirates, alal misali, tun 1 ga Oktoban 2025 ta ce guda ɗaya tak za ka shiga da shi, mai ƙasa da Wh 100, ba za ka yi caji da shi a sama ba, kuma ba za ka ajiye shi a ma'ajiyar sama ba. Don haka ka duba shafin kamfanin da ka yanki tikitinsa kafin ranar tafiya.

Akwai kuma abin da ya shafe ka kai tsaye. Tun 28 ga Yunin 2025, hukumar jiragen saman Sin ta hana shiga jiragen cikin gida da fawa bankin da ba shi da tambarin CCC, wato shaidar tantance inganci ta ƙasar Sin, a jikinsa. Idan daga Guangzhou za ka sake hawa jirgi zuwa wani gari kamar Yiwu, ka juya naka ka duba ko akwai wannan tambari. Idan babu, ka saya a can.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Zariya: Zan tafi Umara, ban taɓa shiga jirgi ba. Dole ne in kashe wayata gaba ɗaya? Ina so in riƙa sauraron karatun Alƙur'ani a hanya don hankalina ya kwanta.

Amsa: Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Yawancin kamfanoni ba sa cewa a kashe, abin da suke nema shi ne ki taɓa alamar ɗan jirgin nan da ke saman allon wayarki. Ita ke katse sabis, wayar ta daina neman turakun sadarwa, amma duk abin da ke ajiye a cikinta yana nan yana aiki. Wannan ma gata ne ga batirinki, domin babu abin da ke shanye caji kamar waya ta yi ta laluben sabis a inda babu shi. Idan dai ma'aikatan suka ce a kashe baki ɗaya, to a bi maganarsu.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne su ɗauka karatun yana cikin wayar, alhali kullum ta intanet manhajar ke janyo shi. Sai an tashi sama su danna, shiru. Ga yadda za ki gwada: kwana biyu kafin tafiya, ki sauke surorin ko tafsirin da kike so, sannan ki kunna alamar jirgin kina zaune a ɗakinki, ki buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi magana, zai yi a sama. Wanda ya ƙi, bai sauka ba ke nan. Murya ba ta cin wuri sosai, awa guda mai kyawun sauti ba ta kai megabait 60 ba, don haka karatun da zai ishe ki daga Kano zuwa Jidda, tafiyar kusan awa biyar, ba zai cika miki waya ba. Bidiyo ne mai cinye wuri da caji.

Ki kuma ɗauki hoton fasfo, biza, tikiti da adireshin masaukinki ki ajiye a wayar, ki rubuta lambar wanda zai tarbe ki a takarda ki sa a jaka. Abu na ƙarshe: idan wayar ta zame ta faɗa tsakanin kujeru, kada ki motsa kujerar don nemo ta. Ƙarfen kujera na iya matse batirin ya fashe. Ki kira ma'aikaciyar jirgin, an koya musu yadda ake ciro ta.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Manhajar lokutan salla da alƙibla da ke wayata, zan iya dogaro da ita a cikin jirgi?

Amsa: Malam, a nan ba na ba da shawarar dogaro da ita. Manhajar tana lissafa lokaci ne bisa garin da ta san kana ciki, kai kuwa kana keta ƙasashe da gudun kusan kilomita 900 a awa. Agogon wayar ma yakan tsaya a kan lokacin gida har sai ka sauka ta samu sabis. Saudiyya tana gaban Nijar da Nijeriya da awa 2, Dubai da awa 3, Sin da awa 7. Mai tafiya gabas zai ga rana ta faɗi da wuri, alhali wayarsa tana ce masa la'asar ba ta daɗe da yi ba. Kamfas ɗin wayar kuma da maganaɗisun ƙasa yake aiki, ƙarafa da wayoyin lantarkin jirgi suna rikita shi.

Abin da ya fi shi ne taswirar da ke allon bayan kujera. Tana nuna inda jirgi yake da inda dare ya raba da rana, kuma jiragen Saudiyya da na wasu ƙasashen Larabawa suna nuna alƙibla a kanta. Taga ma shaida ce, za ka ga alfijir ko faɗuwar rana da idonka. Maganar ƙasaru, haɗa salloli, da yadda ake salla a zaune, wannan fagen malamai ne, ka tambaye su tun kafin ka tashi.

Tambaya daga wata ɗaliba da za ta tafi karatu Malesiya: Iyafis ɗina na Bluetooth ne, zai yi aiki da talabijin ɗin kujera? Kuma yaya zan yi da ƙarar jirgi da ciwon jiki?

Amsa: 'Yar'uwa, da wayarki zai yi aiki, domin bayan kin kunna alamar jirgi kina iya sake kunna Bluetooth shi kaɗai. Da allon kujera kuwa, sababbin jirage ne kawai ke karɓarsa. Galibi ramin iyafis mai igiya ne, wasu ma mai baki biyu. Ki jefa mai igiya na 'yan kuɗi kaɗan a jaka, ba ya buƙatar caji, kuma ba zai zame daga kunnenki ya ɓace ƙarƙashin kujera kina barci ba. Idan kina da hali, irin mai kashe ƙara yana da amfani ƙwarai: yana da ƙaramin makirufo da ke sauraron gurnanin inji, ya fitar da sauti kishiyarsa, su soke juna. Gurnani mai ɗorewa ya fi iya kashewa, kukan jariri da hira za ki ji su. Ramin caji na jikin kujera kuma a hankali yake ba da wuta, ki jona tun batirin bai yi ƙasa ba.

Ciwon jiki kuwa, wayar kanta na daga cikin masu jawo shi, don mutum sai ya duƙar da wuya awa uku bai sani ba. Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturu, ga shi mai kallon allo ba ya yawan ƙifta ido, shi ya sa idanu ke yin raɗaɗi. Ki rage hasken allon, ki yawaita shan ruwa. Likitoci suna gargaɗin cewa zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Ni abin da nake yi shi ne in saita ƙararrawa mai girgiza kawai, duk bayan awa ɗaya da rabi, in miƙe in taka zuwa bayan jirgi in dawo. Idan an kunna alamar ɗaura bel ba damar tashi, sai in yi ta juya idon sawu ina ɗaga dunduniya a zaune. Lokacin zaɓen kujera a shafin kamfanin, ki nemi ta bakin hanya, don ki riƙa tashi ba sai kin tayar da na kusa da ke daga barci ba.