Ina son tayin tsohuwar Marsandi a gwanjon intanet, ban gan ta da ido ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Kano ne mazaunin Amurka. Na ga Marsandi 300D ƙirar 1983 a shafin gwanjo na Bring a Trailer, irin wadda mahaifinmu ya hau muna yara. Fentinta kamar yau ta fito daga kamfani, kuma saura kwana biyar a rufe. Ina so in taya, wataƙila daga baya in aika da ita gida. Me ya kamata in sani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tayin gwanjon intanet ba irin na dillalan mota ba ne, inda za ka taya, a ce albarka, ka zagaya ka dawo. A nan tayi alkawari ne. Kafin ka danna sai ka ba da katin banki, idan kuma motar ta faɗa hannunka take za su cire la'adarsu, kashi 5 cikin 100 na farashin. Motar dala 15,000 ke nan la'adarta dala 750, ban da kuɗin ɗauko ta da harajin jihar da za ka yi mata rajista. Shafin dillali ne kawai, cinikin tsakaninka ne da mai motar, kuma yadda take haka aka sayar maka. Duk binciken da za ka yi, cikin kwana biyar ɗin nan ne.

Fentin da ya ɗauki hankalinka shi ne abin da ya fi saukin gyarawa domin hoto. Wannan ƙirar, da ake kira W123, an yi ta daga 1976 zuwa farkon 1986, injinta na gas mai silinda biyar ya yi suna wajen juriya, sai dai tsatsa ce ajalinta. Wuce hotunan gaba, tafi na ƙarƙashi. Dubi ramukan jek guda huɗu da ke gefen motar, da farantin da batir ke zama a kai, da bakin tayoyin baya, da ramin safaya a cikin but. Farantin batir ɗin yana da muhimmanci: ruwan batir ne ke cin ƙarfen wurin, ruwan sama ya bi ta nan ya sauka ƙarƙashin kafet na gaba, ya kwanta shekara da shekaru yana cin daɓen motar. Nemi a ɗaga kafet a ɗauko maka hoto. Idan ka ga an fesa wa ƙarƙashin motar baƙin fenti mai kauri sabo ƙal, tambayi hotunan kafin a fesa. Sau da yawa abin da ake rufewa da shi ya fi abin da ake karewa.

Tambayi kuma inda ta yi rayuwarta. Jihohi irin su Mishigan da Ohayo da Niyok suna watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Motar Kalifoniya ko Arizona ta tsira daga wannan, ita kuma rana ce ke tsattsage mata dashbod da robobin ƙofa, wanda gyaransa bai kai rabin wahalar walda ba. Game da fenti, akwai ƙaramin awo da ake ɗorawa a jikin mota ya faɗi kaurinsa. Na kamfani bai cika wuce maikiron 100 zuwa 200 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Inda ya nuna 1,000, fila ce fanel-bita ya shafe wurin da ita.

Injin, bidiyo biyu za ka nema. Na farko a tayar da ita da sanyin safiya, a nuna allurar zafi a ƙasa kafin a murza makulli, domin injin gas da ya gaji yakan ɓoye gajiyarsa idan ya ɗumama. Ɗan hayaƙi na 'yan daƙiƙoƙi ba laifi. Shuɗin hayaƙi da ya ƙi tsayawa, baƙin mai take sha. Na biyu, inji na aiki a sassauta murfin zuba baƙin mai a bar shi a bakin ramin. Idan yana ɗan rawa a wurinsa, da sauranta. Idan iska ta cilla shi, ringin fistan ya ci, aikin buɗe inji na jiranka. Su kuma kashe ta a gaban kyamara. Iskar tsotso (vacuum) da ke bin ƙananan tiyo ce ke kashe injin wannan motar, ita ke kulle ƙofofi, ita ke daidaita shigar giya, to idan an zare makulli inji ya ci gaba da aiki sai an buɗe bonet an danna maɓallin tsayarwa, wani tiyo na yoyo. Gyaran ba tsada, amma neman wurin yana cin lokacin bakanike.

Kada ka dogara da mita mai ƙirga mil. Na wannan ƙirar yakan tsaya ko ya riƙa tsallake. Rasiɗan gyara masu kwanan wata da adadin mil sun fi shi gaskiya. Taka ta 1983 ce, tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17 da aka fara a 1981, don haka Carfax, shafin da ke ba da tarihin mota ta lambar shasi, zai karɓe ta, ko da yake labarin shekarunta na farko kan yi ƙaranci. Lambar da ke jikin mota ta zo daidai da ta takardar mallaka, kuma takardar ta kasance da sunan mai sayarwa, babu bashin banki a kanta.

Karanta sharhin da ke ƙasan tallan daga farko har ƙarshe. Masana ƙirar sukan tono aibin da mai mota bai faɗa ba, kuma yadda yake amsawa shaida ne: wanda aka roƙa hoton ramin jek sau biyu ya yi shiru, ya ba ka amsa. Mafi kyau ka biya bakaniken garin da motar take, wanda ba na mai motar ba, 'yan ɗaruruwan daloli ya ɗaga ta sama ya duba.

Ranar rufewa, duk tayin da ya shigo cikin minti biyu na ƙarshe yana mayar da agogo minti biyu, saboda haka dabarar labewa har daƙiƙar ƙarshe ba ta aiki. Abin da ke faruwa shi ne mutum biyu su yi ta ƙara dala 250 a kan juna har rabin awa, zuciya ta karɓi ragama. Duba farashin da irinta suka tafi a shafin, cire la'ada da kuɗin ɗauko da abin da ka ware na gyaran farko, rubuta abin da ya rage a takarda, ka tsaya a kai. Wasu motocin kuma suna da ɓoyayyen farashin da mai su ba zai sallama ƙasa da shi ba. In tayi bai kai ba, babu ciniki ko da kai ne a sama.

Batun aikawa gida, yi shi kafin tayi. Kwastan na Amurka suna son asalin takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a fitar da mota. A Nijeriya kuma akwai dokar ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, motar 1983 ta haura wannan iyaka nesa ba kusa ba. Sami ejan mai lasisi a tashar Legas ya faɗa maka a rubuce ko za ta fita da nawa za ta ci, tukuna ka sa katinka.