Cin bashi don digirin harkar otal

Ɗan'uwa ka tambaya ko ya dace ka ci bashi don yin digirin kula da harkar otal, to gaskiya ka fara bincika albashin shekarar farko, ba na babban manaja da makarantu suke ta tallatawa ba. Yawanci a wajen karɓar baƙi ake farawa ko kicin ko kula da ɗakuna, ga aikin dare ga na ranakun hutu, kuma za ka tarar wani da bai da digiri shi ne ogan ka saboda ya daɗe a aikin. Ni dai a ganina in jimlar bashin ta wuce albashinka na shekara guda to da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu, balle in mai ruwa ne yana ta hawa tun kana aji. Kuma harkar ba ta da tabbas, ka ga yadda korona ta sa aka sallami ma'aikata a 2020.

Inda digirin yake taimakawa sosai shi ne shiga shirin horar da manajoji na manyan kamfanoni irin su Marriott da Hilton, ko ɓangaren tsara farashin ɗakuna. Ka tambayi makarantar ko tana tura ɗalibai koyon aikin da ake biya.