Amsa ga mai son karatun yashin kogi

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digirin labarin ƙasa, ka ji ana bin sawun yashin kogi da haske, kana tambaya ko ka nemi gurbi a nan Turai. Ka nema, amma fara jin yadda abin yake.

Ƙwayar yashi idan tana binne, tana tara ƙarfin tururin yuraniyom, toriyom da fotashiyom na cikin ƙasa, kaɗan-kaɗan kamar asusu. Rana na taɓa ta, asusun ya fashe. Kwarts da felsfa ma'adinai ne da ke cikin yashi. Ƙwayar kwarts cikin daƙiƙoƙi take zubar da nata, ta felsfa kuwa sai a hankali. To ka san ruwan damina, ja wur da laka, haske ba ya nisa a cikinsa. Don haka ƙwayar da ambaliya ta kwaso takan sauka da sauran ajiyarta. Wannan saura muke aunawa daga saman kogi zuwa gangarensa, mu ga yadda yake raguwa, mu gane nisan tafiyar yashin da inda ya yada zango. A 1985 Huntley da abokan aikinsa a Kanada suka fito da dabarar OSL, wato a haska yashi a auna hasken da ajiyarsa ta fitar, don sanin shekarun binnewa. Daga baya aka juya ta kan tafiyar yashi, kamar aikin da aka yi a kogin Mojave na Kaliforniya a 2015.

Aikin na mai haƙuri ne. Bututun ƙarfe nake kafawa a gaɓar kogi da guduma, in toshe bakinsa nan take. Sauran makonni a ɗaki mai 'yar jar fitila, ina wanke yashi da asid mai haɗari. Na taɓa asarar samfuri guda saboda hasken waya, har yau ina jin zafinsa.

Ka ƙarfafa fizis da ƙididdiga tun yanzu. Ka duba cibiyoyin bincike na Aberystwyth a Wales, Wageningen a Holan, da Risø a Denmak, inda ake ƙera na'urar da yawancinmu ke amfani da ita.

Abin da na fi so ka riƙe: kada ka rubuta wa farfesa hannu rabbana. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, hanyoyin ruwan Haɗeja ke cikewa da laka da kachalla, manoma da masunta na ji a jikinsu. Daga ina lakar take, yaushe ta kwanta? Rubuta shafi ɗaya a kan wannan, ka turo min in duba.