Tiyatar Ƙashin Kunne: A Cire Ko A Huda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 34. Tun bayan haihuwata ta biyu jina ke raguwa, kunnen hagu ya fi tsanani, ga ƙara kamar kukan gyare. An gwada ni aka ce otosikilerosis ne. Wani likita ya ce zai cire ƙashin ya sa na roba, wani kuma ya ce huda shi kawai zai yi da leza. Wanne ya fi dawo da ji? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba ki lafiya. Bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa guda 3 da ke miƙa sauti zuwa can ciki. Na ƙarshensu, mai siffar likkafa, tsawonsa bai fi milimita 3 da ɗoriya ba. A wannan ciwo sabon ƙashi ne ke tsirowa ya danƙare tafinsa, sai ya daina motsi. Ya fi kama mata, kuma da yawa bayan goyon ciki suke lura da shi, kamar ke.

Likitocin nan biyu duk roba ko ƙarfe za su sa miki, bambancin yana wajen tafin ƙashin. Ta farko ita ce hanyar da likita John Shea ya fara a Memfis ta Amurka a 1956: a ɗauke tafin duka ko mafi yawansa, a rufe gurbin da 'yar tsoka ko jijiya, a ɗora robar. Ta biyu a bar tafin a wurinsa, a huda kafar da ba ta kai milimita 1 ba, a zura siririn fistin, wato ɗan sandan roba ko ƙarfe mai miƙa sauti, a ciki.

Wajen ji, sun yi kusa da juna fiye da yadda ake zuzutawa. A hannun gwani, kusan mutum 9 cikin 10 giɓin jinsu, wato raguwar jin da danƙarewar ƙashin ta jawo, kan sauko zuwa desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 10 ko ƙasa da haka, ko ta wace hanya. Inda hudawa ta ɗan yi gaba shi ne sirarun sautuka, waɗanda ke sa a rarrabe kalmomi, kuma jiri bayan aiki ya fi sauƙi tunda ba a dami cikin kunne sosai ba. Shi ya sa yawancin likitoci yanzu suka koma kanta, ni ma ita zan zaɓar wa ƙanwata. Leza kuwa, wato haske mai ƙarfi da ake huda ƙashin da shi, kada sunanta ya ruɗe ki. Ƙaramin injin huda a hannun wanda ya saba yana ba da sakamako makamancin nata.

Abin da ba na so a ɓoye miki: kamar mutum 1 cikin 100 kan rasa jin kunnen da aka taɓa, kuma ba ya dawowa. Don haka ake fara wa kunnen da ya fi lalacewa, kuma ba a yi wa mai kunne ɗaya tilo da yake ji da shi. Ɗanɗano ma kan canja a gefen harshe na 'yan makonni ko watanni. Ƙarar kunnen takan ragu ga da yawa, amma ba alkawari ba ne.

Ki tambayi kowannensu sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, da yadda jin waɗanda ya yi wa ya kasance. Wanda ya saba da cirewa ya fi wanda ke koyon hudawa a kunnenki. In kuma hankalinki bai kwanta da tiyata ba tukuna, na'urar ƙara ji tana aiki sosai ga wannan ciwo, kuma ba ta hana a yi aikin daga baya.