Amsa kan motocin gudu da ake ƙera 'yan kaɗan: yaushe kwalliya ke biyan kuɗin sabulu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malam, na ga tambayarka a kan motocin gudun nan da kamfani ke ƙayyade adadinsu, ya ce daga ɗari biyar ko dubu ɗaya an rufe, ko sun cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗora musu a kan 'yan uwansu na yau da kullum. Na kuma ga wasu sun amsa maka cewa jari ne da ba ya faɗuwa, har da kawo misalin Ferrari. Na daɗe ina aiki a wani gareji a Ingila inda ake ajiya da sabis na irin waɗannan motoci, kuma abin da idona ya gani bai yi daidai da wannan amsar ba.

Ra'ayina shi ne, ƙarancin mota shi kaɗai bai isa ya sa ka biya ƙarin kuɗi ba. Sai ka san me ya sa ta yi ƙaranci, me aka sauya a cikinta, da kuma a hannun wa za ka saya.

Motocin da ake kafa hujja da su gaskiya ne sun yi abin mamaki. Ferrari 250 GTO guda 36 kawai aka ƙera daga 1962 zuwa 1964, ana sayar da ita dala 18,000 a Amurka. A 2018 an yi gwanjon ɗaya a Monterey ta jihar Kalifoniya a kan dala miliyan 48.4. McLaren F1 kuwa guda 106 aka yi gaba ɗaya, 64 daga ciki na hawa a kan titi, kuma a 2021 an sayar da ɗaya sama da dala miliyan 20. To amma duba dalilin ƙarancinsu. GTO motar tsere ce, an yi ta don ta ci gasa, ta kuma ci wa Ferrari kambin duniya na ajinta shekara uku a jere. F1 kuwa so aka yi a ƙera fiye da haka, masu saye ne ba a samu ba, don a lokacin kasuwa ta mutu kuma kuɗinta ya haura fam rabin miliyan. Gordon Murray, injiniyan da ya tsara ta, ya sa kujerar direba a tsakiya, ya ɗora mata injin BMW mai silinda 12, kuma samfurinta na tsere ya lashe gasar Le Mans, tseren awa 24 da ake yi a Faransa, a 1995. Babu ɗaya a cikin biyun nan da aka rage adadinta don a ja hankalin masu neman riba. Tarihi ne ya ba su daraja, kuma sai da aka yi shekaru masu yawa kafin hakan ta bayyana.

Waɗanda suka faɗi fa? Su ba a cika tuna su ba, shi ya sa nake so in tsaya a kan Jaguar XJ220. A 1988 aka nuna ta a baje kolin motoci na Birmingham, da inji mai silinda 12 da ke jan tayoyi huɗu. Lokacin kasuwar irin waɗannan motoci na ci kamar wutar daji, balle da Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, ya rasu a watan Agustan shekarar, duk abin da ke ɗauke da sunansa ya yi tashin gwauron zabo, sauran ma suka bi. Mutane suka yi ta rububin biyan kafin alƙalami na fam 50,000, da yawansu ba don su hau ba, don su sayar da zarar ta fito. Cinikin biri a sama ke nan. Da motar ta fito a 1992, injin ya koma mai silinda 6 da turbo biyu, tayoyin baya kawai yake ja, farashi ya kai fam 470,000, tattalin arziki kuma ya shiga matsi. Masu kafin alƙalami suka nemi janyewa, aka je kotu. An shirya ƙera 350, ba a ko kai 300 ba, kuma wasu sababbi suka zauna shekaru ba mai saye har aka karya kuɗinsu ƙwarai. Abin lura, motar ba ta da laifi, tana cikin mafi gudu a duniya a zamaninta. Farashin da aka sa rai ne ba shi da tushe. Har ta kai an yi shekaru ba a samun sabuwar tayar da ta dace da ita, sai daga baya wasu kamfanonin taya suka sake ƙerawa.

Ita kanta Ferrari F40 da ta fito a 1987, an ce kusan 400 za a yi, aka ƙare da ƙera sama da 1,300. Wanda ya saye ta a ganiyar tsada wajajen 1989 ya ga darajar kuɗinsa ta zube a farkon shekarun 1990, kuma ya jira tsawon lokaci kafin ta dawo. Yau F40 tana da tsada sosai, amma ba kowa ne ya iya jira ba.

Wanda ya fi kusa da mu, wanda na gani da idona, shi ne Porsche 911 R. A 2016 kamfanin ya fitar da ita, guda 991, kuɗinta a Amurka kusan dala 185,000. Abin da ya haukata mutane shi ne giyar hannu. A lokacin Porsche ya daina sa giyar hannu a GT3, wato samfurin 911 mai kama da na tsere, sai ga mota mai injin lita 4 irin na GT3 RS, giya shida ta hannu, babu ƙaton fiffike a baya. Kowa ya ɗauka ita ce ta ƙarshe a irinta. Cikin 'yan watanni ana neman ninki biyu, ninki uku, wasu ma fiye. An kawo mana ajiyar wata a wannan lokacin, ledar kamfani na nan a kan kujerunta, mai ita ya saye ta a hannu na biyu da wannan tsadar, ya kuma gargaɗe mu kada a ƙara mata ko mil ɗaya. Sai a 2017 Porsche ya dawo da giyar hannu a sabuwar GT3, ya kuma fitar da samfurin Touring wanda shi ma babu fiffike, inji kusan iri ɗaya, babu iyakar adadi, kuma ƙasa da kuɗin da aka sayar da R tun farko. Farashin R ya faɗo warwas. Daga baya ya sake ɗagawa, in faɗi gaskiya, amma wanda ya shiga a saman tsada ya daɗe yana kallon asara. Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne, ƙarancin da kake biya a hannun kamfani yake. Ranar da ya ga dama ya ƙera wata mai kama da ita, ba wanda zai hana shi, kuma bai karya maka wani alkawari ba.

Wannan ya kawo mu kan tambayar a hannun wa za ka saya. Ribar da ake ta labari, yawanci wanda ya samu motar a farashin kamfani ne ke cin ta, kuma ba kuɗi kaɗai ke kai mutum can ba. Manyan motocin Ferrari irin su LaFerrari, wadda aka yi 499 kafin a ƙara ɗaya don taimakon waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Italiya a 2016, kamfanin ne ke zaɓen wanda zai sayar wa, kuma tsofaffin abokan ciniki masu motocinsa da yawa su ne a gaba. Ford ma da zai fitar da sabuwar GT, sai da mutane suka cike takardar nema, aka tantance su, aka sa su sa hannu cewa ba za su sayar ba sai bayan wata 24. Ɗan kokawar nan John Cena ya sayar da tasa kafin wa'adi, Ford ya kai shi kotu a 2017, aka sasanta a 2018. To ka ga kafin ka isa ga motar da za ta yi riba, ka riga ka sayi wasu da suka faɗi a hannunka don kawai sunanka ya shiga jerin. In an haɗa lissafin duka, ribar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Wanda kuma bai shiga jerin ba, shi ne zai saya a wajen dillali, shi ke biyan ribar wancan.

Sannan ba duk mai ƙayyadadden adadi ne iri ɗaya ba, kuma a nan ne ake yawan cutar mutane. Akwai wadda aka taɓa ainihin jikinta: an sauya inji, an rage nauyi, an sa wani irin birki, an gyara ƙafafu, ka hau ka ji bambanci tun kafin ka fita daga layi. Porsche 911 Carrera RS ta 1973 irin wannan ce. Dokar tsere ce ta tilasta a ƙera 500, aka rage mata nauyi, aka ƙara girman inji, mutane suka so ta har aka kai 1,580. Akwai kuma wadda fenti ne kawai aka sauya, aka yi ɗinki mai launi a kujera, aka manna ɗan ƙarfe mai lamba a kusa da giya, aka ce bikin cika shekara kaza ne. In ka ɗaga ta sama a gareji ka duba ƙarƙashinta, ba abin da ya raba ta da ta kowa. Irin wannan na sha ganin ta faɗi daidai da yadda 'yar uwarta ta faɗi, ƙarin kuɗin kuma ya tafi a iska. Ni ba zan ba wa ɗan'uwana shawara ya ƙara ko kwabo a kanta ba, sai dai in launin ne ya shiga ransa kuma ya san abin da yake saye ke nan.

Sai ɗawainiya, wadda masu lissafin riba ba sa sawa. Mota ba gwal ba ce da za ka kulle a akwati. Tana ci ko tana tsaye. Inda nake aiki kowace mota da wayarta a jone da batir dare da rana, ɗaki da na'urar tsotse danshi, ana tura ta gaba kaɗan lokaci-lokaci don kada taya ta kwanta a gefe ɗaya. Duk da haka roba tana bushewa, mai yana lalacewa a tanki, birki yana kamawa. Taya tana tsufa ko ba ta taɓa kwalta ba, sai a cire ta da zanenta sabo a jefar. Wasu F40 tankinsu na roba ne, yana da wa'adi, dole a sauya. Wasu tsofaffin Ferrari sai an sauke inji gaba ɗaya kafin a sauya bel. Bugatti Veyron kuwa, tayoyinta huɗu kaɗai dubban daloli ne masu yawa, kuɗin wata motar sabuwa. Ga inshora, ga kuɗin ajiya, ga la'adar masu gwanjo ranar sayarwa. Kuma in ka tsallake sabis ɗaya a littafinta, mai saye zai rage maka fiye da abin da ka yi tattali.

Abin da ya fi damuna a harkar nan shi ne yadda tsadar ke raba mutum da motarsa. Injiniyoyi sun ɓata shekaru suna gyara yadda sitiyari zai amsa hannu, yadda inji zai yi kuka a saman giya, sannan mai ita ya zo ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya leƙa mita, ya rufe ya tafi, saboda kowace mil tana rage masa kuɗi. Ya biya ƙari don abin da ya fi daɗin tuƙi, kuma ƙarin ne ya hana shi tuƙawa. Shi ya sa nake ganin girman Rowan Atkinson, ɗan wasan barkwancin nan na Ingila. Ya sayi McLaren F1 a 1997, ya hau ta hawa na gaske, ya yi hatsari da ita sau biyu, gyaran na biyun ya ci inshora sama da fam 900,000, kuma ya sayar a 2015 da riba mai yawa. Amma F1 ce, ba kowace mota za ta yafe maka haka ba.

Don adalci, akwai wadda ta ba kowa mamaki ta ɗaya ɓangaren. Lexus LFA guda 500 aka yi daga 2010 zuwa 2012, inji mai silinda 10 da aka yi tare da Yamaha, kuɗinta dala 375,000. Mutane suka ce wa zai biya wannan a kan Lexus, wasu sababbi suka daɗe a shagunan dillalai a Amurka. Yanzu ta fi kuɗinta na asali nesa ba kusa ba. Masana kasuwa ba su hango ta ba, kamar yadda ba su hango faɗuwar XJ220 ba.

In kuma niyyarka ka kawo irin wannan mota gida ne, lissafin ya sake sauyawa. Ƙasanta a manne yake da titi, tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa gabanta. Tana son mai mai kyau ƙwarai, tana son bakaniken da ke da kwamfutar kamfanin, kayan gyara kuma sai an yi oda an jira. Ga kuɗin kwastam da za ka biya wanda ba zai dawo ba. Ranar da za ka sayar, masu biyan tsadar suna Turai da Amurka da Dubai, kuma abin da za su fara tambaya shi ne inda aka yi mata sabis.

Idan akwai wata takamaimiya da ka sa wa ido, Malam, ka faɗi sunanta da shekararta. Kafin nan ka nemi takardar bayanin ta da na 'yar uwarta ta yau da kullum ka jera su, ka duba nauyi, ƙarfin inji, giya da birki. Ka bincika ko adadin da aka faɗa na duniya ne gaba ɗaya ko na ƙasa ɗaya kawai, don wannan dabara ce da ake yi sosai. Ka duba kuɗin da aka sayar da irinta a gwanjo, ba kuɗin da dillalai ke nema ba. Sannan ka sa wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya ɗaga ta ya duba, ya auna kaurin fenti, ya haɗa lambar bodi da ta inji da abin da ke cikin takardu. In ka turo sunan zan gaya maka abin da na sani game da ita, in Allah ya so.