Mu shida za mu gina gida ɗaya, ta ina za mu fara?

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari da ke Zariya. Mu shida ne muke adashi, kuma kuɗin haya ya ishe mu. Mun ga fili wajen Hanwa, muna so mu haɗa kuɗi mu gina gida, kowa da sashensa, burtsatse da sola kuma mu yi tarayya. Ta ina za mu fara?

Amsa: Alhaji, wallahi na ji daɗin wannan tunani. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zazzau ya san gida mai zaure ɗaya, sassa da yawa, rijiya a tsakar gida. Sai dai su jini ya haɗa su, ku kuwa kuɗi zai haɗa ku, don haka komai sai an rubuta.

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka takardar ciniki da shaidar mai unguwa ba su wadatar ba. Kafin ku ba da ko sisi, ku je KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, a duba muku filin. Ku yi rajistar ƙungiyar gama kai, takardar mallaka ta fito da sunanta, kada a sa sunan mutum ɗaya ko da shi ne amintaccenku. Izinin gini kuwa yana wajen KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar rabuwa. Kasuwa takan juya wa mutum baya ya buƙaci kuɗinsa, wani kuma Allah Ya yi masa rasuwa, magada su zo da nasu lissafin. Fiƙihun Malikiyya ya tanadi shuf'a: idan abokin tarayya zai sayar da kasonsa a kadarar da ba a raba ba, sauran ne suka fi cancantar saye. Ku zauna da malami da lauya, a rubuta wa zai yi wa kaso kuɗi, da wata nawa za a ba sauran su biya. Matanku su ji wannan zama, tunda su za su wuni a tsakar gidan.

Ku buɗe asusun gyara tun daga watan farko. Injin burtsatse zai ƙone, batiran sola za su mutu, kuma ranar da mata suka fito da bokitai famfo ba ruwa, ba ranar neman karo-karo ba ce.

Kai kuma, Alhaji, kada ka taɓa jarin shago, musamman gab da Sallah. Zubin gini ya fito daga riba, ko da bene na biyu zai jira baɗi.